Ɗarin da Baba Ya Rataye Keke

Ina zaune jikin bango ina shan hantsi sai matar ɗana ta fito daga ɗaki da waya a hannu. Ba ta miƙo mani ba. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce daga Dogon Daji aka kira, Amarya ta cika bayan sallar asuba.

Na yi salati. Na ce a ɗauko mani mayafi. Kafin rana ta ɗaga gida ya cika da mata, ana yi mani gaisuwa ina amsawa yadda ake amsawa. Ban yi kuka gabansu ba. Ɗiyata ce ta fari, kuma mu yadda muka tashi, uwa da uba ba su nuna kansu a kan ɗan fari, ko yana raye ko ya mutu. Sunanta na yanka bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuwa zan rubuta shi nan ba. Amarya kowa ke ce mata har ta yi jikoki. Mahaifina ne ya sa mata wannan suna.

Yanzu masu gaisuwa sun watse. Ɗarin bana ya zo da ƙarfi, ƙirjina ba ya son shi, yara sun hana ni fitowa sai rana ta faɗo tsakar gida. Wanda aka zaunar a ɗaki yana jiran rana ba shi da abin yi sai tunani. Abin da ke ta dawo mani shi ne ɗarin da na haife ta, shekarar da aka ba ƙasa mulkin kai, da yadda Baba ya zauna shi ma yana jira.

Baba manomi ne a Tambuwal, amma ba mai kiran shi da noma. Malam Ummaru Mai Keke ake ce mashi. Da an gama kai hatsi rumbu sai ya fito da baƙin kekensa, ya ɗaure goro da gishiri da ashana a kariya, wato mazaunin ƙarfen nan na baya, ya nufi Kebbe. Ya kwana can, ya dawo da busasshen kifi. Hanyar ba kwalta a lokacin. Akwai wuraren rairayi inda samari ma sauka suke yi su tura, amma Baba da farin gemunsa ba ya sauka. In yana da wani abin alfahari a duniya, to shi ne wannan: ba a taɓa ganin shi yana turin keke ba.

Ba yaron da ya tashi a unguwarmu bai hau keken nan ba. In ya dawo da la'asar sai su tare shi tun daga bakin rijiya, ya ɗora ɗaya gaba, ɗaya a kariya, ya zaga da su ya dawo ya ɗauki wasu. Ƙannena sun hau har sun gaji. 'Ya'yan maƙwabta sun hau. Har ɗiyan Fulanin da ke kawo mana nono sun hau. Ni kaɗai ce ban taɓa hawa ba, don ni ce ta fari.

Ban ɗauki abin ƙiyayya ba. Haka na ga ana yi a kowane gida. Gwaggo Kulu, yayar Baba, ita ta yaye ni, a ɗakinta na girma cikin gidan. Baba ba ya kiran sunana, ba ya dubana ido da ido. In zai aike ni sai ya dubi bango ya ce, "A kawo ruwa." Da aka kai ni aure Kebbe sai sunana ya koma "mutanen Kebbe." Ranar kasuwa yakan bi ta bayan katangar gidan mijina, ya kaɗa ƙararrawa, ya wuce, don ba ya shiga gidan suruki. Da yamma maƙwabciya ta shigo da goro ƙunshe a ganye, ta ce wani mai keke ya bari. Iyakar zancenmu ke nan.

Da cikina ya tsufa aka maido ni gida haihuwa, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. An riga an yi bikin mulkin kai, 'yan elemantare na yawo da 'yan tutocinsu har sun fara koɗewa. A gidanmu kuwa hankali ba a kwance yake ba. Ruwa ya ɗauke da wuri a gefenmu. Gero ya sha da ƙyar, dawa ta tsaya ba ta cika ido ba. Inna, mahaifiyata, ta leƙa rumbu ta ga bai cika ba. Kowa ya san shekarar nan keken Baba ne zai ciyar da gida.

Sai ɗari ya sauka.

Ban taɓa ganin irin shi ba sai na bana. Ruwan randa in ka sa hannu kamar an yanke ka. Kaji su ƙi saukowa daga inda suka kwana, awaki su cure jikin murhu har gashinsu ya babbake. Diddige ya tsage, leɓe ya fashe, yara su riƙa magana haƙora na haɗuwa. Baba dama yakan yi tari duk shekara in sanyi ya zo, amma na shekarar nan ya sauka ƙirji. Daga ɗakin Gwaggo ina jin numfashinsa kamar ana jan zarto. Ya yi tafiyar Kebbe sau ɗaya a haka, ya dawo ya kasa sauke kayan da kansa. Aka kai shi ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya. Malamin asibiti ya saurari ƙirjin, ya ba shi magani a kwalba, ya ce iskar safe ce ke cin shi, ba shi ba keke sai ɗari ya wuce.

Baba bai yi gardama ba. Amma ya san halinsa. Ya san muddin keken na jingine a zaure, wata safiya za a neme shi a rasa. Saboda haka ya kwance shi.

Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya cire tayoyin, ya sassauta masu iska. Ya jiƙa sarƙa a kananzir, ya goge, ya shafa mata mai, ya naɗe a tsumma. 'Ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan masu kama da ƙwayar dawa, ya zuba su a gwangwani ya rufe. Ya shafa wa sirdi man shanu don kada fatar ta tsage. Gangar jikin keken kuwa ya ɗaure da igiya ya rataye a azara. Da ya gama ya aika aka karɓo 'yar kwalbar man ja wurin Inna, ya ajiye a alkukin zaure. Man ja in sanyi ya kama shi daskarewa yake yi.

Ya ce, "Ran da man ga yag gudana da safe ba a kai shi rana ba, ran nan nika haɗa keke."

Tun daga nan kowace safiya, in ya idar da salla, sai ya lallaba zaure lulluɓe da gwado, ya ɗauki kwalbar, ya karkata ta, ya duba. Man na nan kamar dutse. Ya mayar, ya koma ɗaki. Ba ya sake fitowa sai hantsi ya faɗo jikin bangon rumbu, a shimfiɗa mashi buzu ya zauna.

Gidan ya koma tafiya a hankali. Inna ce ke fara tashi, ta tono garwashin jiya daga toka, ta hura da kara. A ɗumama sauran tuwo, a ƙara mashi ruwa ya kai kowa. Da rana fura, ita ma ruwan ya fi gari. Tuwo sai dare. Gidan da aka sani da kifi sai ga shi ana kaɗa kuka da daddawa kawai. Inna ta tara kawunan kifin da suka rage a gindin kwando, ta dake su, tana barbaɗa kaɗan a kwanon Baba, shi kuma ya ci rabi ya ce a kai wa yara. Matan unguwa na taruwa sussuka, yau gidan wannan gobe gidan waccan, kuma na lura duk ranar da aka zo namu sai wata ta manta da ƙwaryar hatsinta a bayan turmi. Ba wadda ta taɓa dawowa nema. Gwaggo na gefe tana kaɗi, yatsunta sun ƙage, tana hura masu iska tana ci gaba.

Cikin wannan hali na haihu, wata safiya, mace.

Wanda bai ga wankan jego na da ba ba zai san yawan itacen da yake ci ba. Safe da yamma ake tafasa babbar tukunya. Gwaggo ta tsoma ganyen runhu cikin tafasasshen ruwa ta riƙa fyaɗa mani, tururi ya rufe bayan ɗaki har ba na ganin ta, ina jin muryarta kawai tana cewa in daure. Da an gama, kafin in kai ƙofar ɗaki, sanyi ya riga ya kama jiƙaƙƙen zanena. Sai kunun kanwa mai zafi, sai kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Mijina ya aiko da itace a kan jakuna yadda ya kamata, amma ɗarin nan ya cinye shi tun ba a yi nisa ba. Ƙannena suka shiga daji, maƙwabta suka riƙa jefo guntaye ta kan katanga. Duk da haka wuta biyu ba ta samuwa a gida ɗaya. In Inna ta kai wa Baba itace ɗaki sai ya turo shi waje da ƙafa.

"A kai ma masu wanka. Kara ya ishe ni."

Kara kuwa hayaƙi gare shi, ba ya riƙe wuta. Inna ta yi magana, Gwaggo ta yi faɗa, ya yi kamar da bango suke.

Bayan suna Gwaggo ta fara fito da jinjirar shan hantsi, ta ɗora mashi ita a cinya. Tsakanin kaka da jika ba kunya, wasa ne. Ranar na fara jin dariyar Baba a kusa. Ya buɗe mata fuska ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wagga ai amaryata ta. Na yi amarya da tsufana."

Inna daga bakin murhu ta ce, "Ango ba ko kifin miya. Allah shi sawwaƙe ma amarya."

"Ki bari ɗari shi wuce, ki ga kifi har ki rasa wurin sawa."

Sunan da ya bi ta ke nan har kabari. Ita ba ta san shi ba, amma ta girma ana ce mata Amaryar Mai Keke, kuma tana amsawa da jin daɗi.

Daga ranar Baba ya sami hanyar magana da ni. Ina wucewa zuwa wanka sai in ji ya sunkuya kan jinjira yana cewa, "Amarya, ki ce ma uwakki ta bar fitowa ba ɗankwali, iska na shiga kunne." Ko kuma, "Amarya, ki tambayi uwakki ko kunun ya ishe ta." Da fari wucewa kawai nake yi. Wata rana da na zo ɗaukar ta daga hannun Gwaggo, na sunkuya na ce da ita, "Ki ce ma angonki an ji." Gwaggo ta ci gaba da kaɗinta kamar kurma.

Akwai Labbo, taubashin Baba, ɗan kawunsa. Jakuna gare shi, da su yake sufurin kaya. Tun suna samari suke tsokanar juna a kan jaki da keke, kuma da Baba ya kwanta ba hantsin da Labbo bai zo ba. Yakan tsaya a zaure ya ɗaga kai ya dubi azara kafin ya shigo.

"Mai Keke, na ga dokinka rataye awa naman layya. Yaushe za a raba?"

"Shina hutawa. Naka ya taɓa sanin hutu?"

"Nawa ba a kwance mashi ƙafafu in ɗari ya zo."

"Naka ba a goge shi shi yi ƙyalli."

Ranar da nake son faɗi, ina cikin ɗaki bayan asabari, Inna na daka, Baba na riƙe da jinjira. Labbo ya zauna ya miƙe ƙafa ya ce, "To, in an yi arba'in ni ka maida baƙin ga Kebbe. Na ware masu jaka mai sanyin hali."

Baba ya ce, "Amaryata ba ta hawan jaki."

"To mi za ta hau? Jirgin sama?"

"Keke. Ni ka kai ta da kaina, har ƙofar gida."

Labbo ya kwashe da dariya. "Jinjirar da ko wuya ba ta tsaida ba? Cikin buhun gishiri za ka sa ta?"

Baba bai yi dariya ba. Ya gyara mata zani a ƙafa, sannan ya ce, "Ai ba a rasa mai goya ta. Wadda duk ta goya ta, sai ta zauna kariya."

Taɓaryar Inna ta tsaya. Labbo ya dubi ƙasa, ya tsinci wani kara yana karyawa. Can ya ce, "Allah shi kai mu."

Ba wanda ya ƙara tada maganar, kuma ba wanda bai gane ba. Ni ina bayan asabari, mace da ɗiyarta, ina jin kaina kamar yarinyar da ke tsaye bakin rijiya tana jiran a zo kanta. Daga ranar ni ma na shiga jiran kwalba. Da safe in na ji takunsa zuwa zaure sai in kasa kunne. In ya dawo da jan ƙafa, na san man bai motsa ba.

Aka yi arba'in, na gama wanka, ɗari bai tafi ba. Uwar mijina ta aiko, azumi ya matso, suna so in koma kafin a ga wata. Baba ya ce a ba su haƙuri, saura kaɗan. Gwaggo ta same ni ni kaɗai ta ce, "Ke, ƙirjin ga ba na hanyar Kebbe ba ne. In kina son Labbo shi kai ki, yau sai in faɗa."

Na ce ba ni da gaggawa. Ta dube ni, ta koma kan kaɗinta.

Sai wata safiya muka tashi ba mai rawar ɗari. Iska ta kwanta. Kaji suka sauko da wuri. Washegari ma haka. Na ji takun Baba zuwa zaure, sai na ji shiru ya yi tsawo, sannan na ji yana kiran a je a zo mashi da Labbo. Da Labbo ya zo ya ɗaga mashi kwalbar, ya karkata. Man ya biyo gefen kwalba a hankali kamar zuma.

"Ka gani da idonka."

Labbo ya ce, "Na gani. Amma wagga lafawa ta ƙarya ta, Ummaru. Ɗari bai yi bankwana ba. Ka ga ƙadangare ya fito da safe?"

Ban taɓa jin ya kira shi Ummaru ba sai ranar.

Baba ya ce, "Ni da kwalba munka yi alkawari, ba da ƙadangare ba."

Ya sa aka sauko da keken daga azara. Yini guda yana haɗawa. Hannunsa na rawa, 'ya'yan boris na zubewa, kaji na rugowa suna tsammanin dawa ce, yana korar su da hula. Ba ya yarda kowa ya taɓa. Wajen la'asar ya buga iska da famfo, yana yi yana hutawa, ya juya feda da hannu, tayar baya ta yi ta gudu ba ƙara. Ya tsaya yana saurare, fuskarsa ta saki.

Washegari bayan azahar ya ce zai gwada ƙafafunsa, bakin fadama kawai ya dawo. Ya naɗe riga, ya ɗaure bakin wando da igiya. Na leƙa ta tsagar ƙyauren zaure na ga hawansa: ƙafa ɗaya a feda, ya ɗan tura, ya wurga ɗayar, bayansa a miƙe kamar ba shi ne ke kwance ba. Yara suka bi shi da gudu suna ihu. Har ya sha kwana ina tsaye.

La'asar ta yi bai dawo ba. Sai iska ta taso, irin mai shiga ƙashi. Inna ta fara kwashe shanya tana duban ƙofa. Labbo bai jira an ce mashi komai ba, ya hau jaki ya bi hanya.

Rana ta kusa faɗuwa suka shigo unguwa. Labbo na gaba yana jan jakinsa, ba kowa a kai, don Baba ya ƙi hawa. Baba na baya yana turin keke. Ya kifa ƙirji kan sirdi, yana taku yana tsayawa. Mutanen da ke zaune ƙofar gidajensu suka riƙa kau da kai, wanda ya gaishe shi ya gaishe shi kamar bai ga komai ba.

Daga baya Labbo ya faɗa wa Gwaggo, ina ji. Ashe ba fadama ya tsaya ba. Ya wuce har babban rairayin nan na hanyar Kebbe. Da Labbo ya iske shi zaune gindin wata tsamiya, akwai buhu cike da ƙasa ɗaure a kariya, nauyin mutum. Labbo ya ce mashi, mi ya kai ka dakon ƙasa? Ya ce nauyin amarya yake gwadawa. Labbo ne ya kwance buhun ya zubar.

Ɗarin ya dawo fiye da na farko. Man ja ya koma dutse, ba kuma mai zuwa duba shi. Baba ya kwanta. Yanzu itace duk nashi ne, Labbo ma na kawowa daga gidansa, ɗakin ya yi zafi har bango na gumi, amma shi sanyi yake ji. Aka koma wurin malamin asibiti, aka kawo rubutu, aka dafa sassaƙe. In ya sami sauƙin numfashi da hantsi sai a jingina shi da bango. Ya ce a ba shi tsohon zanen saƙi da audugar rimi da allura. Ya ce ƙarfen kariya na cin jiki in tafiya ta yi nisa, matashi zai yi wa mai goya Amarya.

Labbo ya ce, "Shekara da shekaru kana ɗora kifi bisa ƙarfe, bai taɓa kai ƙara ba."

Baba ya ce, "Kifi ba shi da miji mai son shi."

Labbo ya yi dariya, ya fita zaure, ya daɗe bai dawo ba.

Wata safiya Inna ta fita neman kanwa maƙwabta, Gwaggo na bayan ɗaki, kunun Baba na hucewa. Na goya Amarya, na ɗauka na kai da kaina. Ban taɓa shiga ɗakin ba. Na durƙusa bakin ƙofa na tura ƙwaryar. Yana kwance fuskarsa na bango, ɗinkin na gefensa. Na yunƙura zan tashi sai ya yi magana, a hankali, yana jan numfashi tsakanin kalmomi.

"Amarya."

Na tsaya.

"Ki ce ma uwakki na ƙetare rairayin. Da kaya. Ban sauka ba. Wurin dawowa na iska tat tare ni."

Na ce, "Ta ji."

"Ki ce mata kada ta ji tsoro. Ban taɓa kada kowa ba."

Na ce, "Ta ce ba ta jin tsoro."

Ya ce, "To, madalla." Bai juyo ba. Na tashi na fito.

Ya rasu da hantsi, ana saura kaɗan a ga watan azumi. Ban yi kuka gaban mutane ba, shi ma da ni ce ba zai yi ba. Ɗarin kuwa bai daɗe bayansa ba. Kafin a yi nisa da azumi mutane sun fara neman inuwa, ƙadangaru sun cika bango, ruwan randa ya zama abin marmari da yamma.

Labbo ne ya maida ni Kebbe, a kan jakar nan mai sanyin hali. Yana gaba da sanda, ni da goyo a baya, tun daga Tambuwal bai yi wasa ko ɗaya ba. Da muka zo babban rairayin, jakar ta riƙa nutsewa har gwiwa, sai da na sauka na taka. Na waiwaya na dubi faɗinsa. Ban san yadda tsoho mai ciwon ƙirji ya ƙetare shi da buhun ƙasa ba.

Yanzu hanyar ta canza. Jikokina da ke Tambuwal kan tafi Kebbe da babur su dawo abincinsu bai huce ba. In sanyi ya zo akwai rigunan gwanjo da barguna, masu jego ma da yawa sun rage wankan. Ina ganin samari na ɗora 'ya'yansu na fari a gaban babur, suna kiran sunansu da ƙarfi a tsakiyar titi. Ban ce sun yi laifi ba. Kallo kawai nake yi.

Keken ya faɗa rabon ƙanena. Ya hau shi shekaru har ya ƙare. Ya sha cewa in zo ya ɗauke ni a kai, ina cewa ya bar shi.

Da na kwance kayana a Kebbe na sami matashin cikin zannuwana. Gwaggo ce ta sa, ba ta faɗa mani ba. Daidai faɗin kariya yake, ya cusa audugar sosai, ya yi mashi igiyoyin ɗaurewa. Ɗinkin manya-manya ne, na mai rawar hannu. Gefe ɗaya a buɗe yake, allurar na soke inda ya tsaya, da zarenta. Yana cikin adakata har yau. Ban ɗinke ba.